Ruwan Shan Doki A Lokacin Hunturu

Muna fata an gama tattara amfanin gona lafiya, an ɗaure harawa an ɗora ta inda awaki ba za su kai ba. A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau ruwan da doki yake sha daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Abin da za mu faɗa a kan doki ya shafi jaki ma, har da shanun noma a wasu wurare.

Kowa ya san dabba tana bukatar ruwa da bazara, gama mu ma ƙishirwa tana damunmu, sai mu tuna da ita. Amma da ɗari mutum yakan wuni bai nemi moɗa ba, sai ya zaci dokinsa ma haka yake. Nan ne hatsarin yake. Doki yakan rage shan ruwa daidai lokacin da abincinsa ya fi bushewa. Abincin ya cushe a hanji, cikin kwana ɗaya ko biyu dabbar da aka yi shekaru ana tattalinta ta kwanta ba ta tashi ba. In kuwa da rancen ƙungiya aka saye ta, bashin ba ya mutuwa tare da ita.

Yadda abin yake a ƙasashen ƙanƙara

Bari mu fara da masu dawaki na ƙasashen sanyi, domin matsalarsu ta fi tamu fitowa fili, sun kuwa daɗe suna bincikenta. A Kanada da Rasha da arewacin Amurka, har da Ingila a wasu makonni, sanyi yakan kai inda ruwa yake daskarewa. Ruwa yana zama ƙanƙara in ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. A wasu sassan Kanada yakan sauka har digiri 30 ƙasa da wannan. Mai doki a can yakan tashi da safe ya tarar ruwan bokitin barga ya zama kamar dutse, famfo ya toshe, wani lokaci bututun ya fashe, domin ruwa yana ƙara girma in ya daskare. Ga doki tsaye kusa da ruwa, amma ba halin sha.

Dabarunsu suna da yawa. Suna binne bututun ruwa can cikin ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa, gama ƙasa tana riƙe ɗumi. Suna sa bokiti cikin tsohuwar tayar mota su cusa busasshiyar ciyawa a tsakani. Suna rufe yawancin bakin komi, su bar wuri daidai bakin doki. Suna ajiye komin inda rana take bugawa, iska kuwa ba ta kaiwa. Masu hali suna sayen bokitin da aka ƙera musamman mai ɗumama ruwa da lantarki. Marasa hali suna fasa ƙanƙarar safe da yamma, su kwashe ta, su zuba ruwan zafi.

A shekara ta 1994 waɗansu masana biyu na makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka yi gwaji da ƙananan dawaki a lokacin sanyi. Wani lokaci su ba su ruwa mai sanyi kusa da daskarewa, wani lokaci su ba su mai ɗumi. Sa'ad da aka ba su mai ɗumi, abin da suka sha ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100. Watau dokin da ya sha bokiti biyar na mai sanyi yakan sha bakwai na mai ɗumi. Suka kuma lura yawancin shan ruwan yana faruwa cikin sa'a uku bayan an ba su abinci. Mu riƙe waɗannan abu biyu, za mu komo kansu.

Yadda abin yake a ƙasar Gumel

A nan ruwa ba ya daskarewa. Sai dai can duwatsun Azbin, arewa da Agadas, inda wasu dare na Janairu ruwa yakan yi ɓawon ƙanƙara kafin asuba. A wurinmu sanyin asuba yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wasu ranaku ya sauka ƙasa da 10. Sanyin ruwanmu bai kai na Amurka ba, kada mu ce ya kai. Amma sakamakon ɗaya ne, watau doki bai sha abin da jikinsa yake bukata ba. A can ƙanƙara ce take hana shi. A nan abubuwa biyar ne suke haɗuwa.

Na ɗaya, abinci. Ɗanyar ciyawar damina kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Dokin da yake cin ɗanyar ciyawa yana samun fiye da garwa ɗaya ta ruwa kowace rana daga cikin ciyawar kanta, ko bai je rijiya ba. Harawar wake da ta gyaɗa da kara da dusa kuwa, ruwan da yake cikinsu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Ranar da doki ya koma cin harawa, wannan garwa da ciyawa take ba shi ta ɓace, sai mu ne za mu biya ta.

Na biyu, iska. Iskar hunturu daga hamada take fitowa, busasshiya ce ƙwarai. Ita ce take fasa mana leɓe da diddige. Tana zuƙe ruwa daga numfashin dabba, tana kuma busar da gumi tun kafin mu gan shi. Doki yakan dawo daga tafiya jikinsa a bushe, mai shi ya ce bai yi gumi ba, alhali ya yi, iska ce ta sha.

Na uku, ruwan da ya kwana. Ruwan da aka bari a daro ko komi a buɗe, iska ta kwana tana bi ta kansa, da safe ya yi sanyin da ko hannu ba ya son taɓawa, ga ƙura da ganye da kashin kaji a sama. Doki ya kurɓa kaɗan ya ɗaga kai. Jaki ma ya fi shi tsantseni, yakan sunsuna ya juya.

Na huɗu, mu kanmu. Ƙasarmu ba ƙasar kogi ba ce. Kududdufai sukan ƙafe ba da daɗewa ba bayan ɗaukewar ruwan sama, rijiyoyinmu kuwa masu zurfi ne. Ba mai marmarin jan igiya da asubar Janairu. Sai a tura yaro sau ɗaya a wuni, yana rawar ɗari, yana hanzarin komawa bakin wuta. Da dabba ta ɗaga kai sau ɗaya sai ya ce ta ƙoshi.

Na biyar, aiki. Wannan ne lokacin kwasar amfanin gona da kara, da kai riɗi da zoɓo da wake kasuwa, da kai taki gona, da tafiye-tafiyen bukukuwa da Kirsimeti. Dabbobinmu ba hutu suke yi ba.

Abin da yake faruwa a cikin doki

Cikin doki ba irin na saniya ba ne. Saniya tana da babban tumbi, tana kuma yin tuƙa. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya cin ko garwa ɗaya. Yawancin aikin narkar da ciyawa a babban hanji ake yinsa, tsawon hanjin duka kuwa yakan kai mita 25 zuwa 30. Babban hanjin a naɗe yake cikin ciki, yana da wani wuri inda ya lanƙwashe ya koma baya, ya kuma ƙuntata. Abinci yana wuce wannan lungu lafiya muddin da laushi yake, kamar yadda kunu yake bi ta mazurari.

In jiki ya rasa ruwa, sai ya janye ruwan da yake cikin hanji domin jini ya samu. Abincin ya yi tauri, ya tsaya a lungun nan, wanda yake zuwa daga baya ya taru a kansa, iska kuma ta taru. Doki ba ya iya amai, saboda haka abin da ya shiga ba shi da hanya sai gaba. Wannan ita ce kullewar ciki. In an gane ta da wuri, yawanci tana warwarewa. In an bar ta, hanjin yakan lalace ko ya fashe, dabba ta mutu da azaba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman, watau yashi. Ƙasarmu jigawa ce, daga nan ma jiharmu ta sami sunanta sa'ad da aka cire ta daga Jihar Kano a 1991. In ana zuba wa doki harawa da dusa a ƙasa, yana tsintar ganye yana haɗiye yashi kaɗan kaɗan. Yashin yana da nauyi, yakan kwanta a gindin babban hanji. Yashi da busasshen abinci da ƙarancin ruwa in suka gamu, ciwon yakan zo da ƙarfi.

Ruwa nawa ne ya isa?

Likitocin dabbobi suna lissafin wajen lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyin doki a rana, in yana hutawa. Dawakinmu na gida yawanci nauyinsu kilo 300 zuwa 350 ne. Wannan ya zama lita 15 zuwa 18, watau wajen garwa guda irin ta kananzir mai galan 4. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ga dokin da yake ɗaure a turke ba ya kome. In harawa kaɗai yake ci, ko yana aiki, a shirya masa garwa biyu. Goɗiya mai shayarwa tana bukatar garwa biyu ko fiye, gama nono ruwa ne. Jaki yana shan rabin garwa zuwa garwa guda. San noma mai jan amalanke yana bukatar wajen garwa biyu.

Kada mu yi ta zato. Mu riƙa shayarwa da bokiti ɗaya wanda muka san abin da yake ci, mu ƙidaya. Wanda ya san dokinsa yana shan bokiti uku kullum, ranar da ya sha ɗaya zai gane da sauri.

Abin da za mu yi

1. Mu ba da ruwan rijiya da zarar an ɗebo shi. Kowa ya lura da safiyar hunturu ruwan rijiya yakan fito da ɗumi, har ya yi tururi. Dalili shi ne ƙasa tana riƙe zafinta, ruwan can ƙasa ba ya bin sanyin dare. Abin da Turawa suke nema da binne bututu, Allah ya ba mu shi kyauta. Daga guga zuwa komi, kada a bari ya huce.

2. Mu san bambancin rijiya da tanki. Garuruwa da yawa yanzu suna da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ruwan da yake fitowa a famfo da sassafe ya kwana a tanki a sama cikin iska, mai sanyi ne. Injin ba ya fara turo sabon ruwa sai rana ta ɗaga, ranar da hazo ya yi kauri kuma ƙarfinsa yana raguwa. A irin wannan wuri gara a kai dabbobi da hantsi, a kuma tanadi ruwa a gida saboda ranar hazo.

3. Ruwan da zai kwana, a rufe shi. Jarkar roba ta fi daron ƙarfe riƙe ɗumi. A cika jarka da rana a ajiye ta inda rana take bugawa, baƙar jarka ta fi ɗaukar zafi. Da yamma a shigar da ita ɗaki ko a lulluɓe ta da buhu. Mai babban duro ya naɗe shi da tsohuwar zana ko buhuna, ya cusa ƙaiƙayi a tsakani, ya sa murfi. Kada a kwanar da ruwan dabba a randa ko tulu a waje. Tukunyar ƙasa tana tsattsafo, iska tana busar da shi, ta haka take sanyaya ruwa. Wannan alheri ne da bazara, da hunturu kuwa ba shi muke so ba.

4. Mu surka da ruwan zafi. Ba sai an ƙona itace da yawa ba. Bayan an sauke koko ko tuwo, a ɗora tukunyar ruwa a kan sauran garwashi. Lita 2 na tafasasshen ruwa in an zuba cikin lita 16 na ruwan da ya kwana, zai ɗaga shi daga digiri 12 zuwa wajen 22, ya kuwa isa. A gauraya, a sa hannu a ji. Abin da muke nema shi ne a kashe sanyin, ba a yi ruwan wanka ba.

5. Sau uku a rana, ba sau ɗaya ba: da hantsi, da azahar, da yamma bayan an zuba harawa. Mu tuna da abin da masanan nan suka gani, doki ya fi sha bayan ya ci busasshen abinci. Saboda haka wanda ya ɗaure doki da dare da tarin harawa ba ruwa kusa, ya bar shi cikin hatsari. In ya yiwu a bar bokiti a barga, a sa shi cikin tsohuwar taya don kada ya tuntsure. A ba dabba lokaci. Doki yakan sha, ya ɗaga kai ya dubi gari, sa'an nan ya sake sha. A jira shi.

6. A tare iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A kafa zana ko darni a arewa da gabas da turke, a bar kudu a buɗe rana ta shigo. Komin ruwa ya kasance cikin wannan kariya. Tsohon doki da ɗan dukushi a rufa musu buhu ko tsohon bargo da dare.

7. A jiƙa abinci. A dama dusa da ruwa mai ɗumi ta yi ruwa-ruwa. A yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba, wannan yana kwantar da ƙurar da take sa tari. A jiƙa daidai abin da za a cinye nan take. Dusar da ta kwana a jiƙe tana tsami, abinci mai tsami ko mai fumfuna kuwa shi ma yana kawo ciwon ciki.

8. Gishiri. Babban cokali ɗaya ko biyu na gishirin miya a cikin dusa kowace rana yana tada wa doki ƙishirwa. Kanwar da aka saba ba dawaki a ƙasar nan ita ma tana yin haka, amma da kaɗan, gama in ta yi yawa tana sa zawo. In an jiƙa kanwa a ruwa, a ajiye wani ruwan zalla a gefe, dabba ta zaɓa. Kada a taɓa ba da gishiri ko kanwa sa'an nan a hana ruwa.

9. A ɗaga abinci daga ƙasa. Rabin duro, ko tsohuwar taya da aka shimfiɗa wa buhu, ko komin itace, duk sun isa su raba harawa da yashi.

10. Tsabta. A wanke komi kullum. Kada a shayar da dabba a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man fetur, ko bokitin da aka auna takin zamani da shi. Wanki ba ya fitar da dafin duka.

Akwai tsohuwar magana cewa kada a ba doki ruwa in ya dawo daga aiki da zafin jiki. Binciken likitoci ya nuna hana shi ruwa ya fi cutarwa. A sauke sirdi ko kaya, a bar numfashinsa ya ɗan kwanta, a ba shi rabin bokiti, bayan 'yan mintoci a ƙara, har ya ƙoshi.

Gargaɗi biyu. Kada a hura wuta a barga ko kusa da tarin harawa domin a ji wa dabba ɗumi. Da iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida da rumbu. Kada kuma a tsoma hitar lantarki ta dafa ruwa cikin bokitin da dabba take sha, ko inda yara suke.

Yadda za mu gane an fara samun matsala

Kowace safiya mu dubi abu huɗu. Kashi: lafiyayyen doki yana yin kashi sau 8 zuwa 12 a kwana, mai ɗan laima, mai fashewa in ya faɗi. In ya ragu, ko ya zama ƙananan dunƙule masu tauri da yauƙi a jikinsu, ruwa ya yi kaɗan. Fitsari: in ya ragu ya yi duhu, haka nan ne. Fata: a tsunkuli fatar wuya kusa da kafaɗa a saki, ya kamata ta koma nan da nan. Dasashi: a ɗaga leɓe, ya kamata ya kasance da laima. A danna da yatsa ya yi fari, launinsa ya komo kafin daƙiƙa biyu.

Ga yadda za a gwada yashi. A ɗebi dunƙulen kashi biyar ko shida daga sama, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, a sa a farar leda, a zuba ruwa, a murje, a rataye. Bayan ɗan lokaci in da yashi za a gan shi ya taru a gindin ledar.

Alamun ciwon ciki su ne: doki ya ƙi abinci, yana waiwayen kwiɓinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, yana gumi ko da sanyi. Yakan miƙe jiki kamar zai yi fitsari, har mutane su ce fitsari ne ya tsaya masa, alhali yawanci hanji ne yake ciwo. Bugun jinin doki, in an taɓa ƙarƙashin muƙamuƙi, sau 28 zuwa 44 ne a minti. In ya wuce 60, abin ya yi tsanani. Jaki kuwa ba ya nuna ciwo kamar doki. Yakan tsaya shiru, kai a sunkuye, kunnuwa a saki, yana taɓa abinci ba ya ci. Jakin da ya yi haka ba lalaci yake yi ba, ciwo ne, kuma mai yiwuwa ya riga ya yi nisa.

In mun ga haka, a kwashe abinci duka, a bar ruwa mai ɗumi a gabansa. In yana iya tafiya, a zaga da shi a hankali, ba a guje ba. A aika wa malamin dabbobi nan take, kada a ce sai gobe. Shi yana da allurar rage zafin ciwo, yana kuma da robar da ake zurawa har tumbi a ba da ruwa da maganin sassauta hanji. Kada mu yi wa doki ɗura da ƙarfi ta baki ko ta hanci. Man gyaɗa ko wani mai in ya kauce ya shiga huhu, dabbar da za ta warke daga ciwon ciki sai ta mutu da ciwon huhu. Kananzir da baƙin mai dafi ne. Ƙona ciki da ƙarfe mai zafi ba ya kai ga hanji, azaba kawai yake ƙarawa.

Ranar kasuwa

Da yawa cikinmu muna zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, inda dabbobi suke taruwa daga Nijeriya da Nijar. Dabba takan wuni a ɗaure ba ruwa, ko kuwa ta sha a komin da ɗaruruwa suka sa baki. Dukansu biyu ba su da kyau. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 wata murar dawaki ta ratsa Afirka ta Yamma, ta shiga Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta kashe jakuna dubbai. Irin wannan cuta ta tari da majina take yaɗuwa, komin tarayya kuwa yana taimakonta. Mai zuwa kasuwa ya rataya bokitinsa a amalanke. Wanda ya sayi sabuwar dabba ya ɗaure ta dabam har mako biyu ko uku, da nata bokiti.

Aikin ƙungiya

Mutum ɗaya ba zai iya kome da kome ba, shi ya sa muka haɗa kai. Ƙungiya tana iya sayen buhun gishiri a sari ta raba. Tana iya gina komin siminti kusa da rijiya, da mafitar ruwa don a riƙa wanke shi, a kuma sa ranar kowa. Tana iya zaɓen mutum ɗaya a kowane ƙauye ya koyi duba dasashi da bugun jini daga wurin malamin dabbobi. Sakatare ya rubuta lambar wayar malamin, kowa ya samu tun kafin ranar bukata. Duk dabbar da aka saya da rance, kwamiti ya ziyarce ta sau ɗaya a Disamba, sau ɗaya a Janairu, ya ga turkenta da bokitinta. Yaran da suke shayarwa a koya musu dalili, a kuma ba su rigar sanyi. Maƙwabtanmu Musulmi masu dawakin hawan salla, mu gaya musu abin da muka koya, mu kuma saurari tsofaffinsu, gama sun daɗe da doki.

A Littafin Farawa sura 24 an ba da labarin baran Ibrahim da ya tafi neman wa Ishaku mata da raƙuma goma. Alamar da ya roƙi Allah ita ce yarinyar da za ta ba shi ruwa, ta kuma shayar da raƙumansa ba tare da an sa ta ba. Rifkatu ta juye tulunta a komi, ta yi ta komawa rijiya har dukansu suka ƙoshi. Mu da muka san raƙumi mai ƙishi yana iya shan garwa biyar, mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A bakin komi aka gane halinta. Dabbar da take ɗaure a turkenmu ba ta iya kwance kanta ta tafi rijiya. Amana ce a hannunmu.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Sau nawa a rana ake shayar da dabbobi a gidanka yanzu, wa kuma yake yi?
2. Dabba nawa suka mutu ko suka yi ciwon ciki a ƙauyenmu a hunturun bara? Me aka yi musu?
3. A cikin abubuwa goma da aka lissafta, waɗanne uku za mu fara a wannan mako?
4. Wa za mu aika wurin malamin dabbobi ya koyo?

A karanta wannan takarda da ƙarfi a taro saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ubangiji ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu, ya kai mu damina lafiya. Amin.